Abincin Wani, Gubar Wani: Tarihin Gano Abincin da ke Tayar da Cutar Siliyak

Gabatarwa

Daga cikin cututtukan da ke addabar ɗan Adam akwai masu zuwa su wuce, kamar mura da masassara, akwai kuma waɗanda idan suka sauka a jikin mutum sun zama abokan zamansa ke nan har ƙarshen rai. Cututtukan hanji masu daɗewa suna cikin kashi na biyu. Mai fama da irinsu yakan lura cewa wani abinci yana tayar masa da ciwo, wani kuma ba ya yi. Amma rarrabe wannan da wancan aiki ne mai wuya, domin ba a cin abinci ɗaya tilo a rana, ciwon kuma ba kullum yake tashi nan take ba. Saboda haka wasu sukan yi ta ƙaurace wa abinci iri iri har su rame, wasu kuma su gaji su ci duk abin da ya samu, su sha wuyar da za ta biyo baya.

Wannan lacca za ta bi tarihin cuta ɗaya daga cikinsu, watau cutar siliyak. An zaɓe ta ne domin ita ce cutar hanjin da aka fi tabbatar da abincin da ke tayar da ita, amma duk da haka sai da aka shafe shekara wajen 1,800 tsakanin lokacin da aka fara siffanta ta da lokacin da aka gano mai laifin. Abin da za a nuna shi ne yadda masana suka yi ta kuskure, da dalilin kuskuren, da kuma hanyar da ta fitar da su daga ƙarshe. Wannan hanya ita ce har yau mai ciwon hanji yake bi idan yana son ya san abin da zai ci da abin da zai bari.

Yadda Cutar Take

A cikin alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rai akwai wani furotin mai suna gulutin. Duk wanda ya taɓa wanke kwaɓaɓɓiyar fulawa da ruwa ya ga wani abu mai danƙo da yake saura a hannu bayan sitacin ya tafi. Wannan danƙo shi ne gulutin, kuma shi ne yake sa burodi ya tashi, taliya ta miƙe ba ta tsinke ba. Ga yawancin mutane abinci ne kawai. Amma ga mai cutar siliyak, da zarar danƙon ya isa ƙaramin hanji sai garkuwar jikinsa ta ɗauke shi a matsayin abokin gaba, ta kai hari, harin kuwa ya faɗa wa bangon hanjin kansa.

Bangon ƙaramin hanji yana lulluɓe da wasu 'yan tsirarrakin gashi masu kama da na tawul, waɗanda ta nan ne jiki yake tsotse amfanin abinci. Cutar takan share su, bangon ya zama sumul. Daga nan sai abinci ya riƙa wucewa ba tare da jiki ya amfana ba. Alamunta sun haɗa da zawo mai maiƙo da wari, kumburin ciki, rama, ƙarancin jini, raunin ƙashi, da tsumburewa ga yara. Akwai gado a cikinta, amma masu ɗauke da ƙwayoyin gadon suna da yawa ƙwarai, kaɗan ne daga cikinsu suke kamuwa. An ƙiyasta cewa kimanin mutum ɗaya cikin ɗari na mutanen duniya yana da ita.

Daga Aretaeus zuwa Samuel Gee

Wanda ya fara siffanta cutar a rubuce wani likita ne Bagirke mai suna Aretaeus, mutumin Kafadokiya a cikin ƙasar Turkiyya ta yanzu, wanda ya rayu tsakanin ƙarni na ɗaya da na biyu na Miladiyya. Ya ba da labarin mutanen da abinci yake fita daga jikinsu bai narke ba, suna ramewa, ba su da ƙarfin aiki. Ya kira su da wata kalmar Girkanci mai ma'anar masu ciwon ciki, kuma daga wannan kalma ne sunan siliyak ya samo asali. A ganinsa zafin ciki mai dafa abinci ne ya yi rauni. An fassara littafinsa zuwa Ingilishi a 1856.

A watan Oktoba na 1887 wani likitan yara, Samuel Gee, ya gabatar da lacca a asibitin yara na Great Ormond Street da ke Landan, aka buga ta a 1888. Siffantawar da ya yi wa cutar ta yi daidai ƙwarai, har ma ya yanke hukunci cewa idan akwai waraka to ta hanyar abinci za ta zo. Ya kawo labarin wani yaro da aka riƙa ba shi naman wata ƙaramar dabbar teku mai ɓawo biyu, fiye da lita guda kowace rana, ya yi ɓulɓul. Da lokacin kamun dabbar ya wuce ya koma cin abincin gida, sai ciwon ya dawo. Da shekara ta zagayo kuwa yaron ya ƙi ko kallon naman.

A nan akwai abin lura guda biyu. Na farko, Gee ya ɗauka naman ne ya yi magani, alhali kuwa cikin yaron ne ya cika har babu wurin burodi. Na biyu, a cikin tsarin abincin da ya rubuta wa marasa lafiyarsa ya hana shinkafa da 'ya'yan itace da ganyaye, waɗanda ba su da laifin komai, sa'an nan ya yarda a ba su burodi in an yanka shi siriri an gasa. Watau ya kori baƙi ya bar ɓarawo a cikin ɗaki. Dalili kuwa a fili yake. Burodi shi ne tushen abincin Turawa, kamar yadda tuwo yake ga Bahaushe, kuma abin da kowa yake ci safe da yamma shi ne na ƙarshe da za a zarga.

Zamanin Ayaba

A 1924 wani likitan yara a birnin New York na Amurka, Sidney Haas, ya wallafa sakamakon jinyar yara goma. Takwas daga cikinsu an ɗora su a kan wani tsari wanda ya hana burodi da sauran hatsi da dankali da sukari, ya kuma tilasta cin ayaba nunanna mai yawa kowace rana. Waɗannan takwas sun murmure, sauran biyun da ba su bi tsarin ba suka mutu. Haas ya ƙarfafa hujjarsa da abin da aka lura da shi a tsibirin Puerto Rico, inda mutanen gari masu cin burodi suke fama da zawo mai daɗewa, manoman karkara masu cin ayaba kuwa ba sa yi. Daga nan ya yanke cewa akwai wani sirri na waraka a cikin ayaba.

Faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Tsarin ya yi aiki domin ya kawar da alkama ba da gangan ba, kuma babu shakka ya ceci rayukan yara masu yawa. Amma da yake an jingina nasarar ga abin da ba shi ne dalili ba, sai ɓarna ta biyo baya. An ɗauka cewa cutar ta yarinta ce mai warkewa. Bayan 'yan shekaru a kan ayaba sai a ce wa iyaye ɗansu ya warke, ya koma cin burodi, hanjinsa ya ci gaba da lalacewa a ɓoye har girmansa. Haas kansa bai taɓa yarda cewa alkama kaɗai ce matsalar ba, har ya rasu a 1964.

Dicke da Yunwar Holan

Wanda ya gano bakin zaren shi ne Willem-Karel Dicke, likitan yara ɗan ƙasar Holan, wanda aka haifa a 1905, ya zama shugaban asibitin yara na Juliana a birnin Heg a 1936. Tun a cikin shekarun 1930 ya fara zargin alkama, saboda rahotannin da yake ji na yaran da ciwonsu yake tashi bayan sun ci burodi ko biskit, har da bayanin wata uwa da ta lura ɗanta yana samun sauƙi duk sa'ad da ta hana shi burodi. A 1941 ya wallafa tsarin abinci marar alkama a wata mujallar likitoci ta ƙasarsa. Amma a lokacin Jamus ta mamaye Holan, rubutun kuma da harshen Holanci ne, don haka bai yi nisa ba.

A watan Satumba na 1944 ma'aikatan jirgin ƙasa na Holan suka shiga yajin aiki domin taimaka wa sojojin ƙawance. Jamusawa suka rama ta hanyar hana shigar da abinci yammacin ƙasar, sa'an nan hunturu mai tsanani ya daskarar da hanyoyin ruwa. Rabon abincin da hukuma take bai wa mutum guda a rana ya faɗi zuwa tsakanin kalori 400 da 800, watau ƙasa da sulusin abin da baligi yake bukata. Mutane suka koma cin saiwar da ake yin sukari da ita da kan furen tulif mai kama da albasa. Kimanin mutum 20,000 ne suka mutu kafin a 'yantar da ƙasar a watan Mayu na 1945.

A cikin wannan bala'i aka ga wani abin mamaki. Sa'ad da sauran jama'a suke ramewa, yara masu cutar siliyak sai sauƙi suke samu, domin babu fulawa a ƙasar. Da agajin fulawa ya fara isowa daga Suwidin a farkon 1945, aka toya burodi aka ba yara marasa lafiya, sai ciwon ya dawo musu. Yaƙi ya yi wa al'umma guda gwajin da babu likitan da zai iya yi: an janye alkama, an ga sauƙi, an mayar da ita, an ga ciwo.

Dicke bai tsaya ga abin da ido ya gani ba. Bayan yaƙi ya koma asibitin yara na Wilhelmina a Utrecht, inda ya yi aiki da likita Weijers da masanin sinadarai van de Kamer, wanda ya ƙirƙiro hanyar auna yawan maiƙon da ke fita a cikin bayan gida. Suka riƙa ba yara abinci awon ma'auni, suna sauya abu ɗaya tak a kowane zango, suna auna maiƙon. Da fulawar alkama ko ta rai maiƙon yakan ƙaru. Da shinkafa ko masara ko dankali yakan ragu. Har ma sun gano cewa tataccen sitacin alkama ba ya cutarwa, watau laifin yana cikin furotin. Dicke ya gabatar da wannan a kundin digirinsa na 1950. A 1952 wasu masana a Birmingham ta Ingila, cikinsu har da Charlotte Anderson, suka tabbatar da cewa gulutin ne.

Tabbatar da Hujja

Abin da ya rage shi ne a ga ɓarnar da ido. A 1954 likita Paulley ya bayyana sharewar gashin hanji a cikin naman da aka ciro wajen tiyata. A 1956 Margot Shiner a Landan ta fito da wani siririn bututu da ake zurawa ta baki a gutsuro ɗan yankin hanji a duba shi a madubin likita. A 1969 likitocin yara na Turai suka taru a Interlaken ta ƙasar Suwizalan suka tsayar da ƙa'ida mai hawa uku: a duba hanji yayin da yaro yake cin alkama, a sake dubawa bayan an hana shi, a kuma dubawa bayan an mayar masa da ita. An sassauta wannan ƙa'ida daga baya, musamman bayan 1997 da masana a Balin suka gano ainihin sinadarin jikin da garkuwar take kai wa hari, abin da ya kawo gwajin jini mai sauƙi. Amma tunanin da ke ƙarƙashinta bai sauya ba, watau ba a yanke wa abinci hukunci sai an cire shi an gani, an kuma mayar da shi an gani.

Zama da Cutar

Gano mai laifi ya faɗaɗa wa mara lafiya akushi. Yaron zamanin Gee an hana shi shinkafa da 'ya'yan itace, na zamanin Haas an ɗaure shi da ayaba, amma na bayan Dicke an hana shi hatsi uku kawai, aka sakar masa sauran. Sai dai hanin na har abada ne, domin har yanzu babu wani magani da ya maye gurbinsa, kuma ɗan kaɗan ma yana yin ɓarna ko da mutum bai ji ciwo ba.

Wahalar da ta saura ta zaman jama'a ce. Fulawa tana ɓuya a cikin miyar gwangwani da tsiran naman Turawa da kayan ɗanɗano. Wannan ne ya sa a 1968 aka kafa ƙungiyar masu cutar a Birtaniya, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta shi ne Peter Benenson, wanda ya kafa Amnesty International, shi ma yana da cutar. Matsin lambar irin waɗannan ƙungiyoyi ya taimaka wajen tilasta wa kamfanoni rubuta abin da ke cikin kayansu. A 2008 hukumar ƙa'idojin abinci ta duniya ta tsayar da cewa ba a kiran abinci marar gulutin sai idan abin da ke cikinsa bai wuce miligiram 20 a kilo guda ba. Al'amarin ya taɓa har ibada, domin gurasar jibin Ubangiji a cocin Katolika tilas ta zama ta alkama. Fadar Paparoma ta sake jaddada haka a 2017, tare da amincewa da gurasar da aka rage wa gulutin ƙwarai.

Cutar Tana Bin Alkama

An daɗe ana zaton cutar ta Turawa ce kaɗai. Tarihi ya nuna cewa alkama take bi duk inda ta je. A yankin Punjab na Indiya an san wani ciwo da ake kira zawon bazara, domin da sanyi mutane waina ta masara suke ci, da zafi kuma ta alkama, sai ciwon ya tashi. A Sudan an ba da rahoton cutar ga yara tun 1978. Misali mafi tsanani shi ne na Sahrawi, mutanen Yammacin Sahara da suke zaune a sansanonin gudun hijira kusa da Tinduf a Aljeriya. Abincinsu na gado nonon raƙumi ne da nama da ɗan hatsi kaɗan, amma fulawar agaji ta zama abincinsu na yau da kullum. Wani bincike da aka wallafa a 1999 ya sami cutar ga kashi 5.6 cikin ɗari na yaran da aka gwada, watau ninki biyar na abin da aka saba gani a Turai.

Wannan ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Alkama ba baƙuwa ba ce a nan. Sunanta ma daga Larabci ya zo, haka nan sunayen gurasa da alkubus, kuma an daɗe ana noma ta da rani a fadamu. Amma a da abincin biki ce da na masu hali, irin su alkaki da funkaso da taliyar hannu. Abincin yau da kullum gero ne da dawa, waɗanda ba su da gulutin. Daga 1962, sa'ad da babban injin fulawa na Apapa ya fara aiki, da kuma shekarun arzikin mai da suka biyo baya, burodi ya shiga kowane lungu. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, aka ɗage hanin a 1992. A yau teburin mai shayi da taliyar leda sun zama karin kumallon ɗalibi da ma'aikaci.

A inda zawo yake da dalilai da yawa, kamar atini da tsutsar ciki da tarin fuka na hanji, cutar siliyak tana iya ɓuya a bayansu shekara da shekaru. Wanda likita ya tabbatar masa da ita a ƙasar Hausa kuwa yana da gata, domin tuwon dawa da na masara da na shinkafa, fura, kunu, acha, ƙosai, alale, rogo da doya duk halalinsa ne. Abin da zai kiyaye shi ne fulawar da ake ƙarawa a ɗanwake ko masa, da injin niƙan da aka niƙa alkama a cikinsa, da man da aka soya fanke kafin a soya ƙosai.

Sauran Cututtukan Hanji

Hanyar Dicke ta yi amfani a wasu wuraren. A 1971 Norman Kretchmer da Olikoye Ransome-Kuti da abokan aikinsu suka nuna cewa yawancin Fulani makiyaya suna narkar da sukarin madara har girmansu, yawancin Yarabawa kuwa ba sa iyawa, sai ta sa su kumburi da zawo. Irin waɗannan sukan iya shan nono mai tsami, domin tsamin ya rage sukarin. A 2005 Peter Gibson da Sue Shepherd na Jami'ar Monash a Ostareliya suka fito da tsari domin masu murɗar ciki da kumburi wanda gwaji bai nuna rauni a hanjinsu ba. Tsarin ya dogara ne a kan rage wasu nau'o'in sukari masu ruɓa a hanji, waɗanda ake samu a albasa, tafarnuwa, wake, madara, mangwaro, kankana da zuma. Ana janye su na mako biyu zuwa shida, sa'an nan a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya domin a san wanda jiki ya ƙi da kuma gwargwadon da zai ɗauka. Amma cututtuka masu sa gyambo a hanji, kamar wadda Burrill Crohn ya bayyana a 1932, abinci yana iya tsananta alamunsu, ƙauracewa kaɗai kuwa ba ta isa ba, sai da magani.

Kammalawa

Daga wannan tarihi ana iya fitar da ƙa'idoji huɗu ga mai fama da ciwon hanji mai daɗewa. Na ɗaya, ya nemi sanin sunan cutarsa a asibiti kafin ya fara ƙauracewa, domin wanda ya daina cin alkama kafin gwaji yana iya sa gwajin siliyak ya fito babu komai alhali tana nan. Na biyu, ya riƙa rubuta abin da ya ci da abin da ya ji, kada kuma ya wanke abincin da ya fi sabawa da shi daga zargi, domin nan ne Gee ya yi tuntuɓe. Na uku, ya sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, don kada ya yaba wa ayaba a kan aikin da rashin alkama ya yi. Na huɗu, duk abin da aka janye bisa zato a sake gwada shi, in ya kuɓuta a mayar da shi akushi, domin yawan hani shi ma cuta ne, yana kawo rama da ƙarancin jini, yana kuma raba mutum da jama'a a wajen suna da biki.

Akwai kuma nauyi a kan hukuma da ma'aikatanta: samar da gwaji a asibitoci, tilasta rubuta abin da ke cikin abincin leda da na gwangwani, da lura da irin hatsin da ake kai wa mutane agaji, kamar yadda labarin Sahrawi ya nuna. Iyali da abokan cin abinci su ma suna da nasu rabon, watau su yarda cewa wanda ya ture burodi ko gurasa a gaban jama'a ba tsirfa yake yi ba, ba kuma raina abincin mai gida ya yi ba. Lafiyarsa yake tsarewa.